Baƙon Kasuwa Da Kuɗin Kirifto

Farashin hatsi da na yadi da canjin dala suna nan inda kuka saba ganinsu. Wannan fili kuwa yau mun ba da shi ga wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin rumfuna, watau maganar kuɗin kirifto, da yadda za a yi wanda bai iya ba ya iya, ba tare da ya biya kuɗin koyo da uwar kuɗinsa ba.

Abin ya wuce a ce wasan yara ne. Masu kawo yadi Kantin Kwari daga Gwanzu, da masu kawo wayoyi Farm Centre daga Dubai, da yawa cikinsu sun san USDT yanzu kamar yadda suka san hanyar Wapa. Dalili kuwa a fili yake. Tun watan Yunin 2023, ga wanda ya manta, aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ɗaya ta doshi naira 1,900 a hannun 'yan canji. Ɗan kasuwa ya kwana da kuɗinsa a banki, gari ya waye ya tarar sun rame. Ga kuma wahalar samun dala ta hannun banki. Wani kamfanin Amurka mai suna Chainalysis, wanda aikinsa bin sawun wannan ciniki, ya sa Nijeriya ta biyu a duniya cikin 2024 wajen yawan amfani da kirifto, bayan Indiya, ya kuma ƙiyasta abin da ya shigo ƙasar nan ta wannan hanya daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024 ya kai wajen dala biliyan 59. To, tambayar a shiga ko kada a shiga, jama'a sun riga sun amsa ta da aljihunsu. Batun halacci kuma malamai sun yi saɓani, kowa yana da malamin da yake tambaya. Namu a nan ciniki ne.

Ita ma gwamnati ta yi ta kai da komo. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa asusun masu cinikin kirifto, a Disambar 2023 ya janye hanin. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da hannun jari ta ba kamfanoni biyu, Busha da Quidax, amincewar farko ta buɗe dandalin saye da sayarwa. Sa'an nan a Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta sa irin wannan dukiya ƙarƙashin SEC. Watau yanzu akwai ofishin da za a iya kai wa kuka, kuma da shi muke magana a nan, da kamfanonin, da mu kanmu.

Kamfanonin nan kullum tallarsu ɗaya ce, wai sun sauƙaƙa. Gaskiya ne, amma wace ƙofa suka sauƙaƙa? Ta shiga. Ka sauke manhaja, ka ba da lambar BVN ko NIN, ka ɗaga fuska wayar ta ɗauke ka hoto, kafin shayin da ke gabanka ya huce ka saya. Inda ba su sauƙaƙa ba shi ne inda kuɗi ke ɓata: wajen aikawa, wajen ajiya, da wajen komawa naira. Mu a kasuwa ba ma cewa ciniki ya yi sauƙi don mai kaya ya yi saurin karɓar kuɗi. Sai mai saye ya san mudun da aka auna masa, ya san la'adar da aka cire, ya kuma san wanda zai riƙe wa riga in buhu ya fito da tsakuwa a ƙasa.

Dattawanmu sun taɓa ganin canjin kuɗi, kuma ya kamata a tambaye su yadda aka yi. Ran 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Gowon, aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Ba ƙaramin ruɗani ba ne. Sule da yake kwabo 12 ya koma kwabo 10, fam ɗaya ya zama naira 2, taro da nai suka rasa gurbin da ya yi musu daidai. Amma an yi shela a rediyo da kasuwanni da harshen da mutane ke ji, kuma a jikin takardar kuɗin kanta aka rubuta adadinta da ajami, yadda mai sayar da goro da bai taɓa taka makarantar boko ba zai ɗaga ta ya karanta naira biyar ko naira goma da idonsa. Mutane kuma ba su bar tsohon lissafi ba, suka ɗora sabo a kansa. Har gobe akwai mai ce wa naira 200 jaka, domin jaka fam 100 ce, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke ƙirga sefa da dala, kowace dala tamma biyar. Hakanan mutum yake koyon sabon kuɗi, da ma'aunin da ya riga ya sani. (A 2007 an cire ajamin daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, ya saura a 200 da 500 da 1,000. Wannan ciwo ne na dabam, ba za mu fama shi yau ba.)

To, bari mu gwada faɗin abin da ma'auninmu. Kirifto ba takarda ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Littafin lissafi ne irin wanda maigida ke ajiyewa a ƙasan kanta, wane ya ba wane kaza, sai dai wannan littafi kwafinsa yana cikin dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam dabam, kuma duk layin da aka rubuta bakin alƙalami ya bushe, ba mai gogewa. Wannan shi ne ƙarfinsa, domin ba akawun da zai tashi da dare ya sauya lamba. Shi ne kuma haɗarinsa, domin kuskurenka ma ba mai gogewa.

Kuma kirifto iri iri ne, kada a haɗa su a buhu ɗaya. Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, haja ce mai hawa da sauka. Ba za a taɓa yin fiye da guda miliyan 21 ba, kuma kowane ɗaya yana rabuwa gida miliyan 100, saboda haka ba dole sai ka sayi guda cur ba. A Nuwamban 2021 ya kai wajen dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 16,000, a Disambar 2024 ya haye 100,000. Wanda ya san tumatir tsakanin kaka da bazara ya san irin wannan, sai dai tumatir yana da lokacin da aka san shi da shi, wannan ba shi da. USDT kuwa rasit ne. Kamfanin Tether ya fitar da shi, ya ce kowane ɗaya akwai dala ɗaya ko kwatankwacinta a ajiye a madadinsa. Darajar rasit tana ga amanar wanda ya rubuta shi. A 2021 wata hukumar Amurka ta ci Tether tarar dala miliyan 41 a kan abin da ya faɗa game da ajiyar tasa a shekarun baya. Wani mai kama da shi, TerraUSD, wanda shi ma aka ce daidai yake da dala, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022. Yawancin masu odar kaya USDT suke riƙewa don biyan kuɗi, ba don jiran riba ba, kuma a ganinmu wannan ya fi kusa da hankali. Amma a sani hukumar NDIC da ke lamunce ajiyar banki har naira miliyan 5 ba ta lamunce ko kwabo a nan ba.

Yanzu ga inda muke so mu daɗe, domin nan ne baƙo yake makancewa ko da idonsa biyu. In za ka aika kuɗi ta banki, ka buga lamba goma, sunan mai asusu ya fito, ka karanta, in ba shi ba ne ka fasa. A kirifto ba suna. Abin da ake ba ka shi ne adireshi, jerin baƙaƙe da lambobi a cakuɗe, manya da ƙanana. Na layin Tron yana farawa da T, baƙi 34 ne. Na layin Ethereum yana farawa da 0x, baƙi 42. Ba mai haddace wannan, kowa kwafa yake yi ya liƙa. Kuma USDT ɗin nan guda yana tafiya a layuka da yawa, wanda ake rubutawa TRC20 da ERC20 da BEP20. Ku ɗauka tasha ce mai motocin Legas da na Maiduguri da na Kwanni, kaya iri ɗaya, hanya dabam. Mai karɓa a Gwanzu ya ce ta Tron yake jira, kai kuma ka ɗora a wata mota, to kaya sun tafi inda ba mai jiransu. Wani lokaci a ceto su da wahala da ƙarin kuɗi, wani lokaci sai haƙuri. Abin da ya fi ɓata rai, adireshin ERC20 da na BEP20 kamarsu ɗaya sak, duka 0x, ido ba ya rabewa.

Ba a nan ta tsaya ba. Mutum yana da USDT 5,000 a lalitarsa ta waya, ya zo aikawa, sai ta ƙi. Me ya faru? Wai ba shi da kuɗin mota. Kuɗin motar kuwa ba a karɓarsa da USDT ɗin da ke hannunsa, a layin Tron sai da wani kuɗi TRX, a Ethereum sai da ETH. Kamar a ce ka cika tirela da shanu ka iso shinge, mai karɓar haraji ya ce ba ya karɓar naira sai sefa. Haba jama'a! Wa ya gaya wa sabon shiga wannan ranar da yake saye? Sa'an nan ɓarayi sun gane mutane farkon adireshi da ƙarshensa kaɗai suke dubawa. Sai su ƙera wani mai farko da ƙarshe irin na abokin cinikinka, su aiko maka da ɗan abin da bai kai kwabo ba don ya shiga jerin cinikinka, ran da ka zo kwafa cikin sauri ka kwafi nasu.

Duk wannan ba laifin ɗan kasuwa ba ne, kuma ba jahilci ba ne. Mutumin da ke riƙe lissafin bashin mutum hamsin a ka, ya gaya maka ribar dila tun ba a kwance ta ba, ba za a ce masa ba ya gane lissafi ba. Aikin ne aka bari rabi. Kamfanin da ya iya gane fuskarka a hoto ya iya tsayar da kai ya ce, da Hausa, da murya in ta kama: Alhaji, adireshin nan ba ka taɓa aika masa ba, kuma layin da ka zaɓa ba shi ka saba bi ba, ka tabbata? Ya iya bari ka ajiye adireshin abokin ciniki da sunan da ka san shi da shi. Ya iya nuna maka a naira, kafin ka danna, ga abin da zai fita, ga la'ada, ga kuɗin mota, ga abin da zai isa. Banki ya yi, masu POS a bakin kasuwa sun yi, don me su ba za su yi ba?

Sai maganar mabuɗi. Ajiya iri biyu ce. Ko ka bar kuɗinka a hannun kamfani, kamar fatake da ke barin dukiya wurin fatoma, in ka manta lambar sirri su sake maka wata. Sauƙi ke nan, amma in fatoma ya karye ka karye. Kamfanin FTX, wanda yana cikin manya na duniya, ya rufe a Nuwamban 2022 da kuɗin mutane a ciki, maigidansa Sam Bankman-Fried aka ɗaure shi shekara 25 a 2024. Binance kuma, da rigimarsa da gwamnati ta yi zafi, ya daina hulɗa da naira a Maris 2024. Ko kuwa ka riƙe da kanka a lalitar da ba mai iko da ita sai kai. A nan za a ba ka kalmomi 12 ko 24, a ce ka rubuta ka ɓoye. Waɗannan kalmomi su ne dukiyar. Wayar ta faɗa rijiya, ka sayi wata ka zuba kalmomin, kuɗinka su dawo. Wani ya gan su, ko yaron shago ne, ko mai gyaran waya, ya kwashe daga inda yake zaune ba sai ya taɓa wayarka ba. Suka ɓata, ba ofishin da za ka je. Wani Bature a garin Newport na Birtaniya, ma'ajiyar kwamfutarsa mai mabuɗin bitcoin wajen 8,000 ta tafi juji a 2013, ya yi shekaru yana roƙo a bar shi ya tone jujin, a Janairun 2025 kotu ta kori ƙararsa.

Kalmomin nan ana ɗebo su ne daga wani jeri mai kalma 2,048. Akwai jerin da Turanci, da Faransanci, da harshen Sin da na Japan da wasu kaɗan. Babu na Hausa, babu na Larabci, kuma galibin manhajoji na Turancin kaɗai suke bayarwa. A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu, mu masu wannan rubutu, kuma ba da daɗin rai muke yinsa ba: kada kowa ya rubuta kalmomin nan da ajami. Mu da kunne muke rubutu, Turanci kuwa ba ya bin kunne. Cikin jerin akwai right akwai write, furuci ɗaya, rubutu biyu. P da F kuma a wurinmu baƙi ɗaya ne. Ka rubuta yadda ka ji, bayan shekara biyu ka zo mayarwa, kalma ɗaya ta kuɓuce, lalita ta ƙi buɗewa. A kwafe su da boko baƙi bayan baƙi, a jere yadda suka zo, da biro a takarda, ba hoto a waya ba, ba a WhatsApp ba. Takardar ta kwana inda takardar gida ke kwana, nesa da shago, domin duk mun ga abin da gobara ta yi wa Sabon Gari a 2016. Kuma mutum ya yi tunanin magada. Dukiyar da ba wanda ya san da ita, ba wanda ya san inda mabuɗinta yake, ba ta shiga rabon gado, marayu suna zaune a kanta ba su sani ba.

Wajen komawa naira kuwa, yawanci ta hannun mutum ake bi, abin da suke ce wa P2P. Wannan dillanci ne tsantsa, sai dai ba ka ganin fuskar dillalin. Kamfani yana riƙe kirifton a tsakiya, mai saye ya tura naira bankinka, kai kuma ka danna a sakar masa. Ƙa'ida ɗaya ce: kada ka saki sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi zaune. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, alat na saƙon waya ma ana ƙera na bogi. Sunan da ya turo kuɗin kuma ya zama shi ne sunan wanda kuke ciniki da shi, gama in kuɗin sata aka biya ka da su daga asusun wani, ranar da aka biyo sawu asusunka za a rufe, kai da ba ka ci nanin ba. In ya ce ku fita daga manhaja ku ƙarasa a waya zai ƙara maka farashi, ka ce albarka.

Akwai masu cewa in aka sauƙaƙa abin, an ƙara buɗe wa talaka hanyar asara ke nan. Mun ji, kuma ba maganar banza ba ce. Amma a duba su wa suka fi kowa iya yi wa mutanenmu bayani da harshensu, a sauƙaƙe, da fara'a, har gida. 'Yan damfara ne. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta daskare a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda, a Afrilun 2025 ta rufe, mutane suka fasa ofishinta a Ibadan suna kwasar kujeru, SEC ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. A 2024 mun ga samari da matan aure suna ta dangwalar waya dare da rana a kan Hamster Kombat, wai mainin, da aka zo rabo a Satumba da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data ba. Waɗannan duk ba su sha wahalar nemo kalmar Hausa ba. Masu lasisi ne suka tsaya a Turanci. In mai gaskiya ya ƙi yin bayani, ba shiru ake yi ba, wani ne yake yi a madadinsa. Dokar 2025 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu irin wannan adashin ƙarya, to madalla, sai dai ɗauri ba ya dawo da jarin mai koko.

Saboda haka abin da muke nema wurin SEC, tunda lasisi a hannunta yake, ta sa shi cikin sharaɗi: duk kamfanin da zai karɓi kuɗin 'yan Nijeriya ya yi gargaɗinsa da bayanin la'adarsa da manyan harsunan ƙasa, na Hausa a boko da ajami da murya, ya kuma ajiye mutum mai jin Hausa da za a kira in ciniki ya rikice. Ta kuma riƙa buga sunayen masu rajista inda ɗan kasuwa zai gani, a rediyo da allon ofishin kasuwa, ba a intanet kaɗai ba.

Mu ma akwai namu. A kowace kasuwa yanzu akwai samarin da ke yi wa iyayen gidansu wannan aiki, Alhaji ya miƙa miliyoyi, yaro ya danna, Alhaji bai san a lalitar wa kuɗin suka kwana ba. Yawancinsu yaran kirki ne. Amma dillalin shanu yana da sarkin dillalai, ɗan canji a Wapa yana da ƙungiya da shugabanni, in ya ci amana an san inda za a kai shi. Dillalin kirifto fa? Shugabannin Kwari da Singa da Dawanau su buɗe rajista: sunansa, shagonsa, wanda ya tsaya masa, la'adarsa nawa a kan kowace dala, a faɗe ta a fili kamar kowace la'ada. Kowane ciniki a rubuta lambar shaidarsa a littafin shago, domin kowane aike yana da lamba wadda kowa zai iya dubawa ya ga ya isa ko bai isa ba. Kuma kowane sabon adireshi a fara aika masa kafin alƙalami, dala 10 ko 20, mai karɓa ya kira da muryarsa ya ce ya gani, sa'an nan a tura sauran. Kuɗin mota sau biyu ne, mun sani, amma wanda zai tura kuɗin kwantena ba zai ji nauyinsa ba.

Daga fitowa mai zuwa za mu ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin canjin dala da sefa da riyal, mu riƙa sa farashin USDT, na saye dabam na sayarwa dabam, yadda mai karatu zai ga tazarar da ke tsakani kafin ya je wurin dillali. Wanda kuma yake da kalmar Hausa da ta fi lalita ko layi ko kuɗin mota dacewa da waɗannan abubuwa, ya aiko mana ta hannun mai raba takarda a kasuwarsu, za mu buga.